Yadda Ake Raya Ayaba, Ɓaure da Zogale a Ƙasar da Ƙanƙara ke Sauka

Ayabar da na fara dasawa a bayan gidana, a arewacin Ingila, ba sanyi ne ya kashe ta ba. Ni na kashe ta da hannuna. Da na ji an ce daren zai kai digiri 4 ƙasa da sifili a ma'aunin Selsiyas, sai na ɗauko baƙar ledar shara na naɗe ta daga tushe har ƙoli, na ɗaure tamau, na koma ɗaki ina ganin na yi dabara. Bayan wata huɗu da na kwance, abin da na tarar ya fi kama da miyar kuɓewar da ta kwana uku, ga wari. Garin neman gira na rasa ido. Wata tsohuwa maƙwabciyata ce ta leƙo ta saman danga ta fahimtar da ni cewa leda ba ta hana sanyi shiga, danshi kawai take hana fita, kuma a ƙasar nan danshin da ya haɗu da sanyi ya fi sanyin kansa kisa.

Duk abin da zan zayyana a ƙasa a kan wannan magana ya tsaya. Mu da muka taso inda hunturu busasshe ne, sanyin Kano ko na Zinder da ke fasa leɓe da dunduniya, mun saba ɗaukar cewa maganin sanyi rufa ne. Hunturun Turai jiƙaƙƙe ne. Ruwa ya sauka yau, gobe ya daskare, jibi ya narke, ƙasa ta yi wata uku ba ta bushe ba. Shukar ƙasar zafi tana iya jure dare ɗaya mai tsanani idan ƙafarta a bushe take, amma ba za ta jure kwana casa'in a cikin caɓi ba.

Mataki na farko: san lambar sanyin garinka

Kafin ka kashe ko sisi, nemi sanin iyakar inda sanyin garinku yake sauka a shekara. A Amurka, ma'aikatar noma ta raba ƙasa shiyya-shiyya bisa matsakaicin dare mafi sanyi na kowace shekara, kuma ta sabunta taswirar a 2023. Shiyya ta 9 tana tsakanin -7 da -1, ta 8 tsakanin -12 da -7, ta 7 tsakanin -18 da -12, ta 6 kuwa har -23. Bisa wannan ma'auni, yawancin Ingila a ta 8 take, tsakiyar Landan da gaɓar teku ta kudu maso yamma suna taɓa ta 9, New York tana ta 7, Toronto da Chicago kuwa wajen 5 zuwa 6. A Birtaniya, ƙungiyar masu lambu ta RHS tana da nata ma'aunin da za ka gani a jikin takardar shuka: H3 na nufin tana jure har -5, H4 har -10, H5 har -15.

Sai dai kada ka riƙe lambar nan kamar aya. Dallas da Leeds duk ana sa su a shiyya ta 8, amma a Dallas rana tana gasa reshe wata biyar har ya ƙosa ya yi tauri kafin sanyi ya zo, a Leeds kuwa reshen yana shiga hunturu ɗanye shar. Shi ya sa rumman da ke 'ya'ya a can, a nan da ƙyar yake wuce fure. Kuma lambar matsakaici ce. A Disambar 2010, wadda ta fi kowace Disamba sanyi a Birtaniya cikin shekara ɗari, itatuwan da suka yi shekara ashirin lafiya a gidajen mutane sun zube. A Disambar 2022 ma an sake ɗanɗanawa, domin Nuwamba ta zo da ɗumi da ruwa, tsirrai ba su shiga barci ba, sanyi ya faɗo musu bagatatan. Don haka duk abin da ka dasa wanda yake bakin iyakar ƙarfinsa, ka sa a ranka cewa cikin shekara goma akwai guda da za ta gwada shi.

Mataki na biyu: san sanyin gidanka

Nan ne aikin yake, kuma ba ya cin kuɗi. Sayi ƙaramin ma'aunin zafi mai riƙe lamba mafi ƙasa da ya gani cikin dare, guda biyu in da hali. Ka ajiye ɗaya jikin bangon gida, ɗaya can ƙarshen fili. A gidana bambancin yakan kai digiri 2 zuwa 3 a daren da gari ya yi garau, kuma tazarar ba ta wuce taku ashirin ba. Digiri 3 kuwa shi ne tsakanin rai da mutuwa ga shukar da muke magana a kai.

Da sassafe bayan daren sanyi, fita ka duba ciyawa. Inda raɓa ta daskare ta yi fari fat, kuma ta daɗe ba ta narke ba, nan ne ramin sanyin gidanka. Iska mai sanyi ta fi mai ɗumi nauyi, tana gangarowa kamar ruwan damina, ta bi gangare ta taru a kwari ko a gindin katangar da ta tare mata hanya. Wurin da a gida za mu kira fadama mu yi murna da shi, a nan shi ne maƙabartar baƙuwar shuka. Tudu ake nema.

Wuri mafi daraja a gidanka shi ne gindin bangon bulo mai kallon kudu, ko kudu maso yamma. A ƙasashen arewa rana ta kudu take bi, musamman a hunturu da ba ta ɗagowa sama sosai. Bulo yana shan zafinta da rana ya riƙa fitarwa da dare, rufin gida kuma yana tare wani kaso na ruwan sama. Bango mai kallon gabas yaudara ne: hasken safiya yana faɗa wa ganyen da ya daskare ya narkar da shi da gaggawa, ganyen ya ƙone kamar an watsa masa tafasasshen ruwa.

Sannan iska. Ganyen ayaba a wurin da iska ke ratsawa tsumma yake komawa, iskar gabas ta watan Fabrairu kuma tana tsotse ruwan ganye a lokacin da saiwa ta daskare ba ta iya maye gurbinsa. A arewa maso yammacin Sikotland akwai wani lambu, Inverewe, da ya fi birnin Mosko kusa da ƙarshen arewa, amma cike yake da tsirran ƙasashen ɗumi. Ruwan teku mai ɗumi da ke zuwa daga yankin Meziko yana taimakonsa, gaskiya ne. Amma mutumin da ya kafa shi a 1862, Osgood Mackenzie, ba da furanni ya fara ba. Itatuwan tare iska ya fara dasawa, ya jira shekaru suka girma. Kai ba sai ka jira haka ba: danga mai 'yan ƙofofi, ko shingen shuka mai ganye duk shekara, ya isa. Wanda iska ke ɗan ratsawa, irin zanarmu ta gida, ya fi katanga toshe, don iskar da ta bugi katanga tsallakewa take ta faɗo da ƙarfi a ɗaya gefen.

Mataki na uku: gyara ƙasa don ruwa ya wuce

Haƙa rami mai zurfin santimita 40 a wurin da ka zaɓa, ka cika shi da ruwa, ka tafi. In ka dawo bayan awa uku ko huɗu ka tarar ya tsotse, ka yi sa'a. In ka wayi gari ruwan yana nan, ƙasarka yumɓu ce, kamar ta gidaje da yawa a Ingila.

Kuskuren da kusan kowa ke yi shi ne ya haƙa rami a cikin yumɓun, ya zuba tsakuwa a ƙasa, ya cika da ƙasa mai kyau. Wannan randa ka gina. Duk ruwan kewaye nan zai tattaru, saiwa ta zauna a ciki. Abin yi shi ne a hau sama, kamar yadda manomin doya ko rogo yake tara tudu. Ka tada kunya mai tsayin santimita 25 zuwa 30, faɗinta ya kai mita ɗaya, da haɗin ƙasar wurin, ruɓaɓɓen taki, da ƙananan tsakuwa. Ga masu son bushewa, irin su zaitun da rumman, tsakuwar ta kai kashi ɗaya cikin uku. Kada ka zuba lallausan yashi cikin yumɓu, tubali za ka haɗa. Ayaba ita maciya ce, tana son taki da ruwa a lokacin zafi, amma ko ita a hunturu ba ta son ƙafarta cikin ruwa.

Wuyan shuka, wato inda kara ya haɗu da saiwa, ya zauna daidai da saman kunya. Kada a binne shi. Ka zagaye shi da tsakuwa tafi biyu.

Mataki na huɗu: zaɓi wanda zai iya

Ayabar da muke ci ba za ta yi hunturu a waje ba, kada ka wahalar da kanka. Wadda ake nema sunanta Musa basjoo, asalinta ƙasar Sin. Kututturenta yakan lalace in sanyi ya wuce 'yan digiri ƙasa da sifili, amma tushenta na cikin ƙasa, in an lulluɓe shi da kyau, yana tsallake -10 har fiye, ya sake tohowa. 'Ya'yanta ƙanana ne cike da ƙwallaye, ba a ci. Don ganyen ake shuka ta, kuma duk wanda ya yi shekaru bai ji ƙarar yayyafi a kan ganyen ayaba ba ya san ganyen ma ya isa dalili.

Mai marmarin ganin wani abu mai kama da giginya, ya nemi Trachycarpus fortunei. Ganyenta mafici ne kamar na giginya da goruba, kututturenta da gashi kamar an naɗe shi da algarara. Ita ma daga Sin take, an raɗa mata sunan Robert Fortune, wanda ya kawo ta Birtaniya a shekarun 1840. Babbarta tana jure wajen -15. Ta saba da Turai har ta wuce gona da iri: a kudancin Suwizalan ta bazu cikin daji, gwamnati ta hana sayar da ita daga Satumbar 2024. Dabino kuwa a bar shi a tukunya. Ƙwallon dabinon buɗa-baki zai tsiro maka a bakin taga, yara su yi murna, amma danshin Turai ba nasa ba ne.

Cikin masu 'ya'ya, ɓaure ne sarki. A Birtaniya irin da ake kira Brown Turkey ya fi kowanne amana. A Amurka da Kanada a nemi Chicago Hardy, wanda ko sanyi ya cinye shi har ƙasa yakan taso ya yi 'ya'ya a sabon reshe cikin shekarar. Zaitun yana rayuwa a kudancin Ingila jikin bango, sai dai a ɗauke shi itacen ado.

Shawarata, ka sayi shuka mai ɗan girma ko da ta fi tsada. Ƙaramar giginyar Sin mai ganye huɗu da babbarta mai kututture ba ƙarfinsu ɗaya ba, jariri ne da ƙato. Kuma ka guji cusa dashe cikin akwati daga gida. Birtaniya, Tarayyar Turai da Amurka duk suna da dokar shigo da tsiro, ana neman takardar shaidar lafiyarsa, kuma kusan duk irin da kake so, har zogale da yakuwa, ana sayar da shi a can.

Mataki na biyar: lokacin dashe da ciyarwa

Baƙuwar shuka ba a dasa ta da kaka, ko da shaguna sun karya farashi. Ana dasa ta bayan sanyin ƙarshe ya wuce, don ta sami wata huɗu ko biyar tana kafa saiwa. A arewacin Ingila wannan na nufin ƙarshen Mayu. Jamusawa suna da tsohuwar al'ada ta jiran 15 ga Mayu kafin su fitar da tsirrai masu rauni, kuma ba a banza suka riƙe ta ba. Ranar Afrilu mai daɗi ta yaudari mutane da yawa.

Wadda ta fito daga ɗaki ko ɗakin gilashi, a saba mata da waje sannu a hankali: kwana goma tana yini a inuwa tana kwana a ciki, sannan a bar ta. Daga Yuni zuwa ƙarshen Yuli ka ba ta ruwa da taki yadda take so. Da Agusta ta kama, ka tsayar da takin da ke sa ganye. Sabon tohon Satumba ruwa ne zalla, shi sanyi yake fara ci, ruɓar kuma daga nan take gangarawa. In za ka ba da wani abu a lokacin, ba da takin tumatir na ruwa, mai taimaka wa reshe ya ƙosa.

Mataki na shida: rufa ga masu kwana a waje

Ba a fafe gora ranar tafiya. Tun Oktoba ka tanadi kayanka: busasshen karan alkama ko busasshen ganye, ragar waya irin ta kejin kaji, sanduna huɗu, igiya, buhun algarara, da farin mayafin nan mara nauyi da ake sayarwa a shagunan lambu, wanda suke kira filis. Amma kada ka yi saurin rufewa. Sanyin farko mara tsanani shi ke gaya wa shuka ta kwanta.

Ga yadda nake yi wa ayaba yanzu. Ina jira sai sanyi ya baƙanta ganyen, yawanci cikin Nuwamba. In zaɓi ranar da babu ruwa, in yanke ganyayen in bar kututture tsaye. In kafa sanduna huɗu kewaye da shi, da tazarar santimita 25 daga jikinsa, in zagaya ragar waya ta zama kamar ƙaramin rumbu. Sai in cika tsakanin da karan alkama, a sakwa-sakwa. Kada a danna, domin iskar da ke maƙale tsakanin karan ita ce bargon, ba karan ba. A gindi in tara ganye ko ɓawon itace mai kaurin santimita 30. A sama kaɗai nake sa leda ko tsohon faranti, kamar malafa, in ɗaure don kada ruwa ya sauka ta tsakiya. Gefe a buɗe yake, iska tana shiga tana fita. In kana shiyya ta 6 ko ƙasa, kada ka ɓata lokaci kan kututture. Sare shi ya rage kamu ɗaya, ka kifa masa babban bokiti, ka tara ganye a kai har gwiwa.

Giginyar Sin da ta kafu ba ta bukatar komai a yawancin Ingila. A shekaru biyu ko uku na farko, in an yi hasashen -8 ko sanyin da ya fi haka, ka tattara ganyenta sama ka ɗaure a hankali, ka cusa ɗan kara a tsakiya inda sabon ganye ke fitowa, ka naɗe da filis ninki biyu. Da sanyin ya sassauta ka kwance. Dabino da danginsa ido ɗaya gare su, a can ƙoli. In ya ruɓe gaba ɗaya, itacen ya tafi. In dusar ƙanƙara ta taru a kan ganye, karkaɗe ta da sanda kafin nauyi ya karya shi. Wadda ta kwanta a ƙasa kuwa bar ta, bargo ce ga saiwa.

Ɓaure yana da nasa sirri. A Birtaniya, 'ya'yan da za ka ci a Agusta su ne 'yan mitsi-mitsin da ke ƙarshen reshe da kaka, masu girman ƙwayar wake ko ƙasa da haka. Su ake karewa. Manyan kore da ba su nuna ba zuwa Nuwamba ba za su nuna ba har abada, a tsinke su kafin su ruɓe su shafa wa reshe. Sannan ɓaure in ya sami ƙasa mai daɗi da sarari, ganye zai yi ta yi ya manta da 'ya'ya, shi ya sa ake tsare saiwarsa cikin rami mai faɗi da zurfin santimita 60 da aka jera wa fale-falen siminti a gefe, ko cikin babbar tukunya.

A inda sanyi ya fi haka, akwai dabarar da Italiyawa 'yan ci-rani suka daɗe suna yi a New York, Toronto da Montiriyal: binne itacen da ransa. A Nuwamba, bayan ganye ya zube, sukan ɗaure rassan wuri guda, su haƙa dogon rami a gefe daidai tsawon itacen, su sassare saiwar ɗaya gefen, su kwantar da shi a hankali cikin ramin, su rufe da katako, ganye da ƙasa. A Afrilu su tono shi su tsayar. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, a nan ba karin magana ba ne, aiki ne: wanda za a riƙa binnewa ba a barin sa ya wuce tsayin mutum, kuma kullum gefe ɗaya ake kwantar da shi. Na ga mutanen da suka bar ƙasarsu da reshen ɓaure a jaka suna wannan wahala duk shekara, kuma ban taɓa ganin abin dariya a ciki ba. Mai ɗaukar kuka da daddawa ya ƙetare teku ya san dalili.

Mataki na bakwai: masu shiga ɗaki

Shukar tukunya ta fi ta ƙasa rauni nesa ba kusa ba, don sanyi yana kama saiwarta ta kowane gefe. In dole ta kwana a waje, ɗora tukunyar a kan bulo biyu ruwa ya riƙa zuba, ka matsar da ita jikin bango, ka naɗe tukunyar kaɗai da ledar nan mai ƙurajen iska da ake naɗe kaya. Tukunya, ba shuka ba.

Gwaza, da furanni masu tushe irin su Canna da Dahlia, ana barin sanyin farko ya baƙanta ganyensu, a yanke, a tono tushen, a karkaɗe ƙasa, a shanya kwana biyar a inuwa, a ajiye cikin kwali da busasshiyar ƙasa a gareji ko ɗakin ƙasa inda ba ya daskarewa, wajen digiri 5 zuwa 8. Duk wata ka leƙa. Wanda ya yi laushi ko fumfuna, fitar da shi kafin ya ɓata 'yan uwansa.

Akwai jar ayabar Habasha, Ensete, dangin wadda miliyoyin mutane a kudancin Habasha ke ci a matsayin abincin yau da kullum. A Turai don kyau ake shuka ta, kuma ba ta jure ƙanƙara ko kaɗan. A Oktoba ana yanke ganyenta, a tumɓuke ta, a rage saiwar, a kifa ta kai ƙasa na 'yan kwanaki. Za ka sha mamakin ruwan da zai zubo daga tsakanin ɓawonta. In ta tsane, a ajiye ta tsaye a wuri mai sanyi-sanyi ba ƙasa ba ruwa, sai Maris a mayar da ita tukunya.

Lemu da lemun tsami suna son ɗaki mai haske da sanyin digiri 5 zuwa 10. Falon da na'urar ɗumama ɗaki ke aiki shi ke zubar musu da ganye: zafi ya ce su yi girma, hasken Disamba kuma, da bai kai awa takwas ba, ya ce babu hali.

Sai zogale, wanda na san saboda shi wasu suka karanto har nan. Zogale ba ya cikin masu ɗan jurewa, ƙanƙara ɗaya ta gama da shi, kuma tun kafin nan, da dare ya sauka ƙasa da digiri 15, girmansa ke tsayawa. Ka shuka iri a Maris cikin ɗaki, a wuri mai ɗumin da ya kai 25, a doguwar tukunya domin saiwarsa zurfi take yi. Da ya kai gwiwa ka tsinke kansa ya yi rassa. A Ingila ya fi jin daɗin ɗakin gilashi ko bakin taga mai kallon kudu fiye da tsakar gida, amma a Toronto ko New York, inda Yuli ke da zafi na gaske, a waje yakan wuce tsayin mutum cikin wata uku. Da dare ya fara kusantar digiri 10, shigo da shi. Zai yi rawaya ya zubar da ganye ya zama sanda. Bai mutu ba, rani ya shiga. A nan mutane ke kashe shi da tausayi, suna ta ba shi ruwa. Ɗan kofi ɗaya a wata ya ishe shi, don tushensa ya kumbura ya tara abin da zai ci. In ka ga wahalar ta yi yawa, ka tsige ganyen duka a Satumba ka shanya, ka sake shuka sabo a Maris. Ni ma wasu shekarun haka nake yi.

Wata 'yar uwa ta taɓa kawo mini kukan cewa yakuwarta ta yi tsayi ta yi kyau amma ta ƙi fure, ta rasa zoɓon da ta sa rai. Ba laifin taki ba ne. Yakuwa ba ta fure sai yini ya gajarta ya kusanci awa 12, kamar yadda yake a gida da kaka. A arewacin Ingila yinin Yuni yana kai awa 17, ba ya saukowa 12 sai ƙarshen Satumba, lokacin kuma sanyi yana bakin ƙofa. Don haka a shuka ta don miyar ganye, zoɓo kuwa a saya a shago. Alayyahu shi ba ruwansa, daga Yuni zuwa Satumba yana yi a waje kamar a bakin rafi.

Mataki na takwas: buɗewa

Yawan jinkirin buɗewa yana kisa kamar yawan sauri. Da ranaku sun fara ɗumi, wajen ƙarshen Maris zuwa tsakiyar Afrilu, kara yakan fara gumi a ciki, ɓeraye da dodon koɗi kuma sun riga sun mai da shi gida. Fara da cire malafar sama da rana, ka sassauta karan, bayan mako guda ka kwashe duka. Filis ɗin kuwa ka bar shi kusa da ƙofa har ƙarshen Mayu, kana duba hasashen yanayi duk yamma. Daren da sama ta yi garau, taurari suka fito, iska ta kwanta, shi ne daren tsoro. Daren hadari ba ya cika daskarewa.

Matsa kututturen ayaba da hannu. In saman ya yi laushi, ɗauko wuƙa mai kaifi ka riƙa yankewa yanki-yanki daga sama, har ka iso inda tsakiyar take fara tas, da tauri. Daga nan sabon ganye zai leƙo, a nannaɗe kamar tabarma, wani lokaci cikin kwana biyu in an sami ɗumi. In laushin ya kai har ƙasa, share shi duka ka bar tushen, 'ya'yanta za su ɓullo daga gefe a Yuni. Ga giginyar Sin, ja ganyen tsakiya a hankali. In ya zaro a hannunka, ruɓa ta shiga, amma sau da yawa tana farfaɗowa: ka tsane ramin, ka yi masa 'yar rumfa kada ruwa ya shiga, ka jira.

Ga ɓaure, rumman da zogale, kankare ɓawon reshe da farce. In ka ga kore a ƙarƙashi, da ransa. In ka ga ruwan ƙasa, gangara ƙasa ka sake kankarewa har ka sami kore, ka yanke daga nan. Ko ba ka sami kore ko'ina ba, kada ka tumɓuke komai kafin ƙarshen Yuni. Ɓauren da na yanke wa ƙauna bayan sanyin 2022, har na sayo wanda zai maye gurbinsa, a makon farko na Yuli ya turo toho biyar daga ƙarƙashin ƙasa, sabon kuwa har yau yana cikin tukunyarsa don ban sami inda zan dasa shi ba.